GATARIN DIRHAMI ƊAYA: NASIHA GA SAMARIN ZANGO A KAN TALLAFIN LAMBU



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa, ya fitar mana da abinci daga turɓayar da muke takawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana samari da 'yan mata na zango, na gida da na waje, ina rubuto muku wannan nasiha daga garin Vénissieux, kusa da birnin Liyon a ƙasar Faransa. Dalilin rubutun wani zama ne da muka yi wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Muna shan shayi, sai wani ɗan'uwa ya kawo maganar ɗan tallafin da hukumomin gari kan ba ƙungiyoyin unguwa da makarantu don su yi lambu, su shuka abin miya. Ya ce me zai hana mu ma mu nema? Kafin ya rufe baki ya sami amsa huɗu. Na farko ya yi dariya, ya ce kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Na biyu ya ce kuɗin gwamnatin da ba ta Musulunci ba ce, kuma nema bara ne. Na uku ya ce shi bai ƙetaro hamada da teku don ya zo ya riƙe fartanya ba. Na huɗu kuwa ya rage murya, ya ce mu cika takarda mu karɓa, mu sayi darduma da na'urar magana mu sa a masallaci, wa zai sani?

Tun ranar nake juya waɗannan maganganu huɗu a zuciyata, domin na san ba a Faransa kaɗai ake yin su ba. Ana yin su a Nima, ana yin su a Aboabo, ana yin su a duk zangon da samari suke zaune a gindin bishiya suna jiran wani ya zo ya gyara musu rayuwa. Shi ya sa na ga ya kamata mu duba su ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin addini.

WANNAN GARI DA LAMBUNANSA

Bari in fara bayyana muku wurin, don wanda bai taɓa zuwa ba ya gane abin da ake magana a kai. Vénissieux gari ne na ma'aikata, yana kudu maso gabas da Liyon, mutanensa sun haura 60,000. A da can an san shi da manoman furanni. A nan ne mashahurin mai renon fure Joseph Pernet-Ducher ya yi aikinsa har ya rasu a 1928. Daga baya masana'antu suka cika shi, musamman ta manyan motocin Berliet. Tsakanin 1965 da 1973 aka gina unguwar Minguettes a kan tudu, dogayen benaye masu ɗauke da gidaje sama da 9,000, inda baƙi da yawa daga Afirka ta Arewa da ta Yamma suka zauna. Samarin wannan unguwa ne suka assasa tattakin neman daidaito da yaƙi da wariya, wanda ya tashi daga Marseille ranar 15 ga Oktoba 1983, ya isa Faris ranar 3 ga Disamba na shekarar. A 1994 aka rushe benaye goma na sashen da ake kira Démocratie a rana ɗaya. Inda aka rushe gini, fili yakan samu. Fili kuwa, in ba a shuka masa alheri ba, shara da shaye-shaye ne za su shuka kansu a cikinsa.

Lambun talaka ba sabon abu ba ne a Faransa. Tun a 1896 wani limamin coci mai suna Jules Lemire ya kafa ƙungiyar samar wa ma'aikata 'yan filayen noma. A 1997 aka buɗe lambun tarayya na farko a birnin Lille, wato fili ɗaya da mutanen unguwa suke nomawa tare. A 2003 birnin Faris ya fito da yarjejeniyarsa ta irin waɗannan lambuna mai suna Main Verte. A yankin Liyon akwai ƙungiyar Le Passe-Jardins da ke haɗa kan lambunan tarayya tana koya wa masu farawa. Bayan annobar korona, a 2021, gwamnatin Faransa ta ware yuro miliyan 30 don noman cikin gari: miliyan 17 ga lambunan tarayya, miliyan 13 ga shirin Quartiers fertiles na unguwannin da ake sabuntawa. Wannan babban kaso ya riga ya wuce, amma ƙofar da ba ta rufe ita ce ta ofishin magajin gari, wanda ake ce wa meri, da ta hukumar Métropole de Lyon, inda ƙungiyoyi suke kai buƙatarsu.

Kuma buƙatar tana nan. A watan Maris 2023 farashin abinci a Faransa ya tashi da kusan kashi 16 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabace shi. Iyayenmu mata sun san ma'anar wannan lissafi tun kafin a buga shi a jarida, domin su ne suke tsayawa a kasuwa suna juya kuɓewa a hannu, suna mayar da ita.

NA FARKO: WAI KUƊIN SUN YI KAƊAN

Ya ɗan'uwa mai raina kaɗan, saurari abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA). Wani mutum daga cikin Ansar ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana roƙo. Annabi ya tambaye shi ko yana da wani abu a gida. Ba shi da komai sai wani mayafi da suke shimfiɗa rabi su rufa da rabi, da ƙoƙon shan ruwa. Aka kawo su, Annabi ya yi gwanjonsu a cikin sahabbai, suka tashi a dirhami biyu. Ya umarce shi ya sayi abinci da ɗaya ya kai wa iyalinsa, ɗayan kuma ya sayo ruwan gatari. Da ya kawo, Manzon Allah da hannunsa mai albarka ya sa masa ƙota, ya tura shi daji ya yi itace ya sayar, kada ya dawo sai bayan kwana goma sha biyar. Mutumin ya dawo da dirhami goma, ya sayi tufa, ya sayi abinci.

Ku dubi wannan ƙissa da kyau. Dirhamin abinci ya ƙare a cikin kwana ɗaya ko biyu. Dirhamin gatari shi ne ya haifi goma. Tallafin lambu dirhamin gatari ne. Ba an ba ka don ka ci ba ne, an ba ka don ka sayi abin da za ka yi aiki da shi: shebur, da fartanya, da manjagara, da baro, da tankin tara ruwan sama, da katakon akwatin shuka, da iri. Waɗannan ba su buƙatar miliyoyi. Abin da kuɗi ba su iya saya shi ne bayan da zai duƙa da safe da hannun da zai cire ciyawa, kuma wannan Allah ya ba mu shi kyauta. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya raina ƙwayar iri bai taɓa ƙirga 'ya'yan da ke cikin tumatir guda ba.

NA BIYU: WAI BARA NE, KUMA KUƊIN WAƊANDA BA MUSULMI BA NE

Wannan magana tana da kamar tsoron Allah a fuska, amma ba ta da tushe. Da farko, daga ina kuɗin hukuma suke fitowa? Daga haraji. Duk ranar da ka sayi shinkafa a kanti ka biya kashi 5.5 cikin ɗari, duk ranar da ka sayi takalmi ko waya ka biya kashi 20. Wanda ya nemi a dawo wa unguwarsa da wani abu daga asusun da shi ma yake zubawa, ta hanyar da doka ta shimfiɗa, ba bara yake yi ba. Bara shi ne ka miƙa hannu alhali kana da ƙarfin yin aiki. Nan kuwa aikin ne kake neman kayan yinsa.

Na biyu, ma'amala ta gaskiya da wanda ba Musulmi ba, Annabi (SAW) da kansa ya yi ta. Bayan buɗe Haibara a shekara ta bakwai bayan hijira, ya bar gonakin a hannun Yahudawan wurin suna nomawa a kan rabin amfanin da ya fito, kamar yadda Buhari ya kawo. Kafin yaƙin Hunainu ya ari sulke a wurin Safwanu ɗan Umayya tun bai musulunta ba, da alkawarin mayarwa. Abin da shari'a take dubawa shi ne: aikin halal ne? Sharaɗin da aka gindaya ya saɓa wa addini? Shuka albasa da karas halal ne a Makka, halal ne a Kumasi, halal ne a Minguettes.

NA UKU: WAI FARTANYA ABIN KUNYA CE

Wannan ita ce cutar da ta fi kama samarinmu. Yaro ya tashi a birni, ya sa takalmi mai tsada, sai ya ga duƙawa ƙasƙanci ne. To, wa ya fi Manzon Allah daraja? Ku tuna labarin Salmanul Farisi (RA) da Imam Ahmad ya kawo. Ubangidansa ya yanka masa fansar kai da dashen dabino ɗari uku da uƙiya arba'in ta zinariya. Annabi ya umarci sahabbai su taimaki ɗan'uwansu. Wannan ya kawo dashe talatin, wancan ashirin, wani goma, kowa gwargwadon ƙarfinsa, har suka cika. Suka haƙa ramuka tare, sannan Annabi ya zo yana sa dashen a ƙasa da hannunsa. Wannan ita ce gayyar da kakanninmu suka sani, kuma ita ce ainihin lambun tarayya: kowa ya kawo ɗan abin da yake da shi, babba ya riga yaro duƙawa.

Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk shuka ko dashen da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka. Ku lura, ba a ce sai Musulmi ne ya ci ba. Tsohuwar maƙwabciyarka Bafaranshiya da ka miƙa wa salak, da tsuntsun da ya tsattsage maka tumatir kana jin haushi, duk suna cikin littafin ladanka. Haka kuma an ruwaito kwaɗaitarwa a kan mutum ya dasa dashen da ke hannunsa ko da alƙiyama tana tsayuwa. In haka ne, uzurin wanda yake cewa shi baƙo ne, gobe zai koma gida, ya faɗi. Ka shuka. In ka tafi wani ya ci, ladan zai bi ka har inda kake.

Iyayenmu da suka kafa zango ba da biro suka kafa shi ba. Da fatauci, da kiwo, da noma suka ciyar da malamai, suka gina masallatai. Noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar. Abin kunya shi ne ƙato ya kwana har azahar, uwarsa tana bin layin karɓar abincin agaji.

NA HUƊU: WAI MU KARƁA MU JUYA SHI WANI WAJE

Jama'a, wannan ita ce mafi hatsari, domin ta zo da rigar son masallaci. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuɗin da aka ba ka don lambu amana ne, takardar da ka sa wa hannu alkawari ce. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawari, aya ta 58 ta Suratun Nisa'i kuma umarni ce da mayar da amana ga masu ita, ba tare da an ware addinin mai amanar ba. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Dardumar da aka saya da ƙarya, da wace fuska za mu ɗora mata goshi?

Ta fuskar doka ma, ku sani cewa dokar 9 ga Disamba 1905 ta hana hukumar Faransa ba da kuɗi don ayyukan ibada na kowane addini. Tallafi yana zuwa ne ga ƙungiyar da aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar 1 ga Yuli 1901, mai lambar rajista da asusun banki da sunanta. Tun bayan dokar 24 ga Agusta 2021, duk ƙungiyar da ta nemi tallafi sai ta sa hannu a wata yarjejeniya ta mutunta ƙa'idojin jamhuriya. Ku karanta ta da kyau, ku fahimce ta kafin ku sa hannu. Bayan an kashe kuɗin da aka ba da don wani aiki takamaimai, ana kai bayanin yadda aka kashe su cikin wata shida da rufe shekarar lissafi. In aka gano an karkatar da su, za a ce a mayar. Kuma ba kai kaɗai za ka ji kunya ba: duk ƙungiyar da za ta zo bayanka mai sunan Musa ko A'isha a takarda, da ido biyu za a dube ta.

Lissafi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Annabi (SAW) ya binciki Ibnul Lutbiyya da ya aika karɓar zakka, ya kuma yi huɗuba mai zafi a kan ma'aikacin da zai ware wani abu ya kira shi kyauta. Don haka ku naɗa ma'aji mai gaskiya, ku ajiye kowane rasit ko na yuro biyu ne, ku karanta lissafi a gaban jama'a. Masallaci kuwa mu gina shi da aljihunmu, kamar yadda iyayenmu suka yi.

YADDA ZA A FARA

In an gyara niyya, sai a gyara aiki. Abu na farko, izinin fili a rubuce daga mai shi, ko meri ce ko kamfanin gidajen haya. Na biyu, a gwada ƙasa kafin a shuka abin ci, domin wannan yanki na masana'antu ne. A 2022 an gano gurɓatar wasu magungunan masana'anta da ba sa ruɓewa a kudancin Liyon, wajen Pierre-Bénite, har hukuma ta gargaɗi mutanen wasu garuruwa game da cin ƙwan kajin gida. In ƙasa ba ta da kyau, a yi akwatuna a zuba sabuwa. Ba ya halatta mu ciyar da yaran mutane abin da zai cutar da su. Na uku, ruwa: bazarar Liyon tana da zafi, kuma a shekarun fari irin 2022 hukuma takan taƙaita ban ruwa, don haka tanki da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa su ne maganin. Na huɗu, tun 1 ga Janairu 2019 an hana masu lambun gida amfani da magungunan ƙwari na kemikal, sai a koma ga taki na ɓawon kayan miya da dabarun gargajiya. Na biyar, lokaci: mutanen nan ba sa fitar da tumatir da barkono waje sai tsakiyar Mayu, bayan sanyi ya wuce. Kuɓewa, da ayoyo, da alefu, da yakuwa masu son zafi ne, a fara renonsu a ɗaki a watan Afrilu.

Game da makarantu, ginin firamare da na 'yan ƙanana yana hannun meri, kuma kowace shekara a watan Oktoba ana zaɓen wakilan iyaye. Mu nawa ne muke zuwa wannan zaɓe? A can ne ake kawo shawarar lambun makaranta. Babbar matsalar irin wannan lambu ita ce hutun Yuli da Agusta, lokacin da shuka ta fi buƙatar ruwa, yara da malamai ba sa nan. Ga aikin samari: a nemi izini, a raba kwanaki, kowa ya ɗauki ranarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya binne ƙwayar wake ya ga ta tsaga ƙasa ta fito, ba zai wahala wajen fahimtar darasin tashin ƙiyama ba, kuma ba zai riƙa zubar da abinci a kwandon shara ba.

RANAR GIRBI

Jarrabawa ta ƙarshe tana zuwa ranar da amfani ya nuna. Suratul Ƙalam, daga aya ta 17 zuwa ta 33, ta ba mu labarin masu lambun da suka haɗa baki za su yi sammakon girbi don kada miskini ya shigo musu. Suka wayi gari lambun ya ƙone ƙurmus. Muslim kuma ya ruwaito labarin wani manomi da aka umarci girgije ya je ya shayar da gonarsa da sunansa. Da aka bincika sirrinsa, sai aka tarar yana kasa amfanin gonar kashi uku: ɗaya sadaka, ɗaya shi da iyalinsa, ɗaya ya mayar cikin gonar. Ga tsarin mulkin lambu an ba mu kyauta. Kason nan na uku, wato ajiye iri da ɗan abin gyara, shi ne zai hana mu zama masu jiran tallafi kowace shekara. Mutumin nan na Ansar sau ɗaya aka sa masa ƙota.

Lambun kuma ya zama na unguwa duka, ba na 'yan ƙabilarmu ko 'yan masallacinmu kaɗai ba. Haƙƙin maƙwabci bai san fasfo ba. Wa'azin da maƙwabci zai gani a kwandon kayan miya ya fi wanda zai ji ta bango.

GA 'YAN'UWA NA GIDA

Ku da kuke Ankara, da Kumasi, da Tamale, da Kano, da Maraɗi, kada ku ce wannan zancen Turai ne. Dattawa suna tuna shirin ciyar da kai na zamanin Acheampong a Gana a 1972, da na Obasanjo a Nijeriya a 1976, da yadda aka ƙarfafa noman rani a Nijar bayan farin 1984. A 2017 majalisar Gana ta zartar da dokar asusun raya zango. Hukumomi suna zuwa suna wucewa, shirye-shirye suna canja suna, amma bayan makarantarku akwai fili da ya zama juji. Ku tafi wurin wakilin unguwarku a majalisar gari da takarda a rubuce da lissafi a fili. In an ba ku, ku riƙe amana. In ba a ba ku ba, ku yi irin ta sahabban da suka taimaki Salmanu, kowa ya kawo dashensa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya Allah ka sa albarka a ƙasar da muke zaune a kanta, da ruwan da muke sha, da abin da hannuwanmu suka shuka. Ya Allah ka tsare mu daga lalaci da cin amana, ka wadata mu da halal ɗinka ga barin haram, ka shiryi samarinmu da 'yan matanmu, ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.